AMSOSHIN WASIƘUNKU: In Gwamnati Ta Hana Kiɗa, Shin Mawaƙa Su Ƙaurace Mata?

Wasiƙar da muka zaɓa a wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, wanda ya ce kullum rediyonsa na rataye a jikin rumfa. Ya ce yakan ji a labaran duniya ana maganar gwamnatocin da ke hana sa wani kiɗa da ake kira rok, har wani lokaci mawaƙa su yi fushi su ce ba za su ƙara taka ƙasar ba. To shi ne yake tambaya, wai wane irin kiɗa ne wannan da gwamnati mai sojoji da bindigogi za ta tsaya tana jin tsoronsa? Kuma in mawaƙan sun ƙaurace, wa aka cuta, gwamnatin ko kuwa talakan da yake son jin kiɗan?

To Malam, mun gode, kuma tambayarka ta zo a kan gaɓa. 'Yan mintocin da aka ba mu a rediyo ba su ishe mu ba, shi ya sa muka kawo maka cikakken bayani a nan.

Da farko dai, shi rok kiɗa ne da ya samo asali a Amurka cikin shekarun 1950. Tushensa kiɗan baƙar fatar Amurka ne, watau jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka, sa'an nan aka gauraya shi da kiɗan Turawan karkara na can. Kayan kiɗansa su ne jita mai aiki da lantarki, wadda za ka iya cewa garayar Bature ce mai tsirkiya shida, da ganguna da ake jerawa mutum ɗaya yana dukansu da sanduna, sai kuma manya-manyan lasifika masu ƙara kamar aradu. Irin su Chuck Berry da Little Richard da Elvis Presley su suka fara fito da shi, daga baya samarin Ingila irin su Beatles suka ɗauka suka bazu da shi ko'ina a duniya. Kiɗan samari ne, dattawa ba su cika sonsa ba, ni ma in gaya maka gaskiya ba kowanne nake iya zama in saurara ba. Amma abin da ke damun masu mulki game da shi, yana tara matasa dubbai wuri guda, kuma mawaƙansa sukan faɗi abin da ke bakinsu ba tare da sakayawa ba.

Ƙasashe da yawa sun taɓa sa wa wannan kiɗa takunkumi, amma inda tambayarka ta fi samun amsa shi ne Afirka ta Kudu a zamanin mulkin wariyar launin fata, wanda aka kafa a 1948 ya kuma ƙare da zaɓen 1994. A can ne aka hana kiɗan, a can ne kuma aka gwada ƙauracewar har aka ga amfaninta da illarta.

Ƙofa biyu waƙa take bi a wancan zamani kafin ta isa kunnen jama'a. Akwai hukumar tace littattafai da fina-finai da faya-fayai, wadda dokar 1974 ta ba ta ikon haramta faifai baki ɗaya, a kwashe shi daga kantuna. Sa'an nan akwai gidan rediyon gwamnati, SABC, wanda ke da nasa kwamitin da ke zama ya bi kalmomin kowace waƙa ɗaya bayan ɗaya. Wannan na biyu ya fi ɓarna, domin kusan duk tashoshin ƙasar a hannunsa suke, talabijin kuwa ba ta ma shiga ƙasar ba sai a 1976. Waɗanda suka ga zamanin garmaho sun san yadda allura ke bin zanen da ke jikin faifai tana fitar da sauti. To abin da ma'aikatan gidan ke yi, in an ƙi wata waƙa, sai a ɗauki ƙusa ko wani abu mai tsini a karce daidai wurin da waƙar take a faifan, a kuma manna alama a jikin kwalinsa cewa a guje ta. Ko da mai gabatar da shiri ya yi taurin kai ya ɗora, allura sai dai ta yi ta tsalle. Mu da muke wannan aiki, jin haka kawai yakan sa tsigar jikinmu ta tashi, don mun san yadda ake tattalin faifai a ɗakin ajiya kamar ƙwai.

A 1966 gidan rediyon ya daina sa waƙoƙin Beatles ɗungurungum, saboda ɗaya daga cikinsu, John Lennon, ya yi katoɓarar cewa sun fi Annabi Isa, alaihissalam, farin jini. Wannan kam rashin ladabi ne, kuma ba a Afirka ta Kudu kaɗai aka yi fushi ba. Hanin bai tashi ba sai a 1971. Amma yawancin abin da aka hana ba don kare addini ko tarbiyya aka yi ba. A 1980 'yan makaranta waɗanda ba farar fata ba suka ƙaurace wa azuzuwa saboda ilimin wulaƙanci da ake ba su, suka riƙa rera wata waƙar ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila mai suna Another Brick in the Wall, wadda ke kuka da malamai masu danne yara. Cikin watan Mayu na shekarar gwamnati ta haramta waƙar. Ni da na yi kwalejin horon malamai, da na fara jin ma'anarta ban ji daɗi ba, sai da na gane cewa yaran can da tsarin da ya ware musu makarantun banza suke, ba da malamin aji ba. Haka aka hana waƙar Peter Gabriel a kan Steve Biko, wanda ya mutu a hannun 'yan sanda a 1977. A 1985 kuwa Stevie Wonder ya karɓi wata lambar yabo a Amurka ya ce ya sadaukar da ita ga Nelson Mandela, wanda a lokacin yake kurkuku, nan da nan gidan rediyon ya daina sa waƙoƙinsa.

Waɗannan duk baƙi ne, suna ƙasashensu, hanin bai rage musu abincin dare ba. Mawaƙin gida shi ya ɗanɗana kuɗarsa. Akwai wani Bature ɗan ƙasar, Roger Lucey, wanda ya fitar da faifai a 1979 yana ambaton mutanen da ke mutuwa a ofisoshin 'yan sanda. Aka haramta faifan, amma ba a tsaya nan ba. Sai aka ɗora wa wani ɗan sandan ciki mai suna Paul Erasmus aikin ya ga bayansa. Erasmus ya riƙa sauraron wayarsa, yana tsorata masu gidajen da ke gayyatarsa wasa, har ya taɓa zuba barkonon tsohuwa ta hanyar da iska ke shiga wani gida ana tsakiyar kiɗa. Lucey ya ga kowa na gudunsa bai san dalili ba, sana'a ta mutu, ya koma ɗaukar hoton labarai na talabijin. Sai bayan shekaru, da mulkin ya zo ƙarshe, shi Erasmus ɗin da bakinsa ya fito ya faɗi abin da ya aikata. Ka ga ke nan takardar hani ita ce abin da ake gani a fili, ainihin aikin a ɓoye ake yinsa.

Yanzu mu zo kan ƙauracewa. Ka lura, ba saboda an karce faifai kawai aka ƙaurace wa Afirka ta Kudu ba, saboda mulkin wariyar baki ɗaya ne, hana kiɗa kuwa reshe ɗaya ne daga cikin rassansa. Wani abu kuma da ya kamata ka riƙe, kiran daga cikin ƙasar ya fara fitowa. Tun a 1954 wani limamin coci da ke zaune cikin baƙar fata a Johanasbag, Trevor Huddleston, ya roƙi masu wasanni na ƙasashen waje su daina zuwa, ƙungiyar ANC ta su Mandela ita ma ta goyi bayan haka. A 1964 wata mawaƙiyar Ingila, Dusty Springfield, ta je ta ce ita ba za ta yi waƙa a zauren da aka ware baƙi da farare ba, sai aka kore ta daga ƙasar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi kira a 1968, ta sake ƙarfafa shi a watan Disamba na 1980, daga 1983 kuma ta fara buga sunayen mawaƙan da suka karya kiran. Kwamitin Majalisar mai yaƙi da wariya kuwa 'yan Nijeriya sun daɗe suna shugabancinsa, cikinsu har da marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗanmasanin Kano, a farkon shekarun 1980, da Janar Joseph Garba daga 1984 zuwa 1989. Saboda haka wannan magana ba ta yi nisa da mu ba.

Kai da kake kasuwa za ka fi kowa gane lissafin. A ce sarkin wata kasuwa ya matsa wa mutane da zalunci, fatake masu zuwa daga nesa suka haɗa kai suka ce ba za su ƙara sauke kaya a can ba. Kasuwa za ta yi sanyi, kuɗin shiga ya ragu, labari ya bazu cewa wurin ba lafiya. Wannan zai taɓa sarkin kasuwa. Amma in aka ce manomin garin ma kada ya kai hatsinsa, kuma kada a saya daga hannunsa a kowace kasuwa ta maƙwabta don kawai daga garin ya fito, to ka ga an haɗa wanda aka zalunta da azzalumin an yi musu bulala ɗaya. Duka biyun sun faru a Afirka ta Kudu.

Gwamnatin wariya tana da wayo. Ta yanki wasu yankuna marasa albarka ta ce wai ƙasashe ne masu 'yancin kansu na baƙar fata, alhali kuwa babu ƙasar da ta amince da su a duniya sai ita kaɗai. A ɗaya daga cikinsu, Bophuthatswana, wani attajiri mai suna Sol Kerzner ya buɗe katafaren wurin shaƙatawa da caca a 1979, ana kiransa Sun City. Sai aka riƙa gaya wa mawaƙan duniya cewa ai nan ba Afirka ta Kudu ba ce, ku zo. Aka kuma zuba kuɗi. An ba da rahoton cewa Frank Sinatra ya karɓi kusan dala miliyan 2 a 1981. Elton John ya je, Rod Stewart ya je, ƙungiyar rok ta Queen ta je a watan Oktoba na 1984. Talakan da ke zaune a bukkokin da ke kewaye da wurin ba shi da kuɗin shiga. Amfanin zuwan nasu ga gwamnati shi ne ta nuna wa Turawanta cewa duniya ba ta juya musu baya ba.

Queen sun sha suka da suka koma gida, ƙungiyar makaɗa ta Birtaniya ta ci su tara, sunansu kuma ya shiga jerin Majalisar Ɗinkin Duniya. Sa'an nan a 1985 wani makaɗin jita na Amurka, Steven Van Zandt, ya tara mawaƙa kimanin 50, cikinsu da Bruce Springsteen da Bob Dylan da Miles Davis da namu Sonny Okosun na Nijeriya, suka yi faifai mai sunan wurin suna shelar ba za su yi wasa a can ba. An haramta shi a Afirka ta Kudu, wasu tashoshin Amurka ma sun ƙi sa shi don ya soki manufar Shugaba Reagan. Duk da haka ya tara fiye da dala miliyan 1 don masu gwagwarmaya, kuma daga nan zuwa Sun City ya zama abin kunya, manyan mawaƙa suka janye jiki. Ban ce waƙa ce ta kayar da mulkin wariya ba. Takunkumin tattalin arziki, irin wanda majalisar Amurka ta sa a 1986 duk da ƙin Reagan, da boren cikin gida, da yajin aikin ma'aikata, su suka fi nauyi. Amma wannan ƙauracewa ta samu inda ta nufa, don ta taɓa aljihun masu wurin da kuma girman kan masu mulki.

To ga inda abin ya rikice. A watan Fabrairu na 1985 wani mawaƙin Amurka, Paul Simon, ya sauka Johanasbag. Shi ya ƙi tayin Sun City tun da farko, kuma wannan zuwan bai yi wasa a gaban kowa ba. Ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ne da makaɗa baƙar fata, ya biya su ninki uku na abin da aka saba biya, ya fito da faifan Graceland a 1986, wanda aka sayar da miliyoyinsa. Amma bai nemi izinin ANC ba, ko da yake Harry Belafonte ya ba shi shawarar ya yi hakan. Sai rigima ta tashi. Wasu suka ce ya karya yarjejeniya, kuma in aka bar kowa ya yanke wa kansa hukunci to ƙauracewar ta rushe, har aka yi masa zanga-zanga a Landan a 1987. Wasu kuma suka tsaya masa, cikinsu har da Hugh Masekela da Miriam Makeba. Ita Makeba ba wanda zai koya mata zafin wariya, don tun 1960 aka soke fasfonta, ko jana'izar mahaifiyarta ba ta samu zuwa ba, bayan ta yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 kuma aka haramta faya-fayanta. Su biyun suka bi Simon yawon wasa, har suka yi gagarumin taro a Harare ta Zimbabuwe. Ta dalilin wannan faifai ne duniya ta san mawaƙan Zulu na Ladysmith Black Mambazo. A ganina Simon ya yi kuskure da bai yi sallama da masu gida ba, amma abin da ya fito daga tafiyar bai ƙara wa gwamnatin wariya ko sisin kwabo na mutunci ba.

Wanda abin ya fi ba ni tausayi shi ne Johnny Clegg. Bature ne da aka haifa a Ingila a 1953, ya tashi a Afirka ta Kudu, ya koyi harshen Zulu da kiɗansu da rawarsu tun yana yaro, 'yan sanda suna kama shi don yana shiga unguwannin da aka hana farar fata shiga. Ya haɗu da Sipho Mchunu, wani Bazule mai aikin lambu a gidajen Turawa, suka kafa ƙungiyar Juluka suna gauraya rok da kiɗan Zulu. Gidan rediyon gwamnati, wanda ya ware wa kowace ƙabila tasharta, ba ya son waƙar da ta cakuɗa harsuna, 'yan sanda kuma suna tarwatsa wasanninsu don an ga baƙi da fari a dandali ɗaya. Mchunu daga baya ya koma ƙauyensu ya kama noma da kiwo, Clegg ya kafa wata ƙungiyar, Savuka, ya yi waƙar Asimbonanga a 1987 yana ambaton Mandela, aka hana ta. To wannan mutumin, ƙungiyar makaɗa ta Birtaniya ta kore shi daga cikinta don wai yana wasa a Afirka ta Kudu, watau a gidansu. Da aka yi babban taron kiɗa a filin Wembley na Landan ranar 11 ga Yuni 1988 don cikar Mandela shekara 70, ba a bar shi ya hau dandali ba. Gwamnati ta toshe shi a gida, masu adawa da gwamnati sun toshe shi a waje.

Shugabannin ANC sun ga wannan illa da kansu. A watan Mayu na 1987 Oliver Tambo ya yi jawabi a Landan inda ya nuna cewa dole a bambanta al'adun masu danniya da na mutanen da ke yaƙar danniyar, kada a ƙaurace wa na biyun. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa gyaran ma daga wurinsu ya fito.

Saboda haka Malam, amsata ta rabu ne bisa ga wane mawaƙi ake nufi. Baƙon da za a biya maƙudan kuɗi ya zo ya wanke wa azzalumi fuska, in mutanen ƙasar da ake zalunta sun ce kada ya zo, to ya zauna gida. In kuwa su ne suke roƙon ya zo, shi kuma ya yi fushi daga nesa ya ƙi, to ya sani matasan da ya hana ganinsa su ne dai waɗanda gwamnati ta riga ta hana jinsa. Mawaƙin gida kuwa, shirunsa shi ne abin da mai karce faifai yake nema tun farko. Yana iya ƙin hawa dandalin gwamnati, ya ƙi bukinta da kyautarta, amma ban ga dalilin da zai rataye jitarsa ba.

Akwai misalin haka a Turai, a ƙasar Cekoslobakiya lokacin mulkin kwaminisanci. Wata ƙungiyar rok mai suna Plastic People of the Universe, da aka ƙwace mata lasin wasa a 1970, sai ta koma kiɗa a ɓoye, a bukukuwan aure da gidajen ƙauye. A 1976 aka kama su aka gurfanar da wasu a kotu, jagoransu Ivan Jirous ya samu ɗaurin wata 18. Wannan shari'a ce ta harzuƙa marubuta da malamai suka fito da takardar neman 'yanci a watan Janairu na 1977, cikinsu da wani marubucin wasan kwaikwayo, Vaclav Havel, wanda ya zama shugaban ƙasar a ƙarshen 1989. A Afirka ta Kudu ma, a 1989 wasu samari 'ya'yan Turawan da ke mulki suka zaga ƙasar suna kiɗan rok da harshensu na Afrikaans suna yi wa shugabanninsu ba'a, har wasu jami'o'i suka hana su shiga. Wannan ya yi wa masu mulki ciwo ƙwarai, don daga cikin gidansu muryar ta fito.

An sako Mandela ranar 11 ga Fabrairu 1990, Makeba ta koma gida a shekarar, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ɗage ƙauracewar a ƙarshen 1991. Paul Simon ya je ya yi wasa a watan Janairu na 1992 da amincewar Mandela, ko da yake har a lokacin akwai wata ƙungiyar baƙar fata da ta yi masa zanga-zanga. Shi kuwa Clegg, a 1999 yana cikin rera waƙar nan da aka hana a birnin Frankfurt na Jamus, sai ga Mandela ya fito dandali daga bayansa yana taka rawa. Clegg ya rasu a 2019.

Malam mai hatsi, da fatan ka gamsu. Sauran waɗanda wasiƙunsu ke hannunmu ku ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.